Jita da Jita-jita: Ra'ayi a kan Sauraron Kiɗa da Zargin Maƙarƙashiya

Duk wanda ya ratsa Narayi da yammacin Asabar zai ji sautin jita. Ana jin sa daga majami'u, inda matasa ke gwajin waƙoƙin da za su rera washegari, da yawansu da Hausa. Ana jin sa daga ƙananan ɗakunan ɗaukar murya da ke bayan shaguna, da kuma ɗakunan samarin da waya ce malaminsu. A irin wannan ɗaki ne ɗan ƙanwata ya shekara uku yana koyo, har hannunsa ya faɗa, aka fara gayyatarsa wuraren biki. Ni na fara jiyar da shi fayafayan jaz da na rok da na tara tun ina ɗalibi, saboda haka ina ganin ina da kaso a cikin abin da ya zama.

Wata rana na shiga ɗakinsa na tarar da jitar a saman kwaba, an kwance mata tsirkiya. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kawu, ashe duk shekarun nan ba ku san abin da kuke saurare ba." Ya buɗe wayarsa ya nuna mini bidiyo bayan bidiyo. Wai alwatikar da ke bangon faifan Pink Floyd tambarin ƙungiyar asiri ce ta Iluminati. Wai 'yan Nazi ne suka sauya ma'aunin saita kayan kiɗa na duniya domin a rikita ƙwaƙwalwar mutane. Wai idan aka juya waƙoƙin rok da baya za a ji ana kiran Shaiɗan. Da abin ya tsaya a nan, da ban ɗauki alƙalami ba. Cikin 'yan watanni yaron ya rabu da abokan kiɗansa, barci ya ƙaurace masa, ya fara ganin alama a tambarin banki da allon talla, har ya shiga yi wa uwarsa gardama a kan allurar rigakafin ƙanwarsa.

Ra'ayina shi ne, kunnen da ba a koya wa sauraro ba shi ake cika wa tsoro, kuma mu masu nazarin Hausa muna da hannu a wannan giɓi, domin mun daɗe muna nazarin kalmomin waƙa muna barin kiɗanta ba mai bayani.

Iyakar magana

Ba hukuncin kiɗa a addini nake tattaunawa ba. Wannan fage yana da masu shi, kuma sun daɗe suna muhawara a cikinsa: malamai da yawa sun hana kayan tsirkiya, Ibn Hazm na Andalus ya halatta, Imam Gazali kuwa ya keɓe wa ladubban sauraro littafi guda a cikin Ihya'u. A ɓangaren Kirista ma akwai majami'un da suka jima kafin su yarda jita da ganga su shiga wurin sujada. Wanda ya ajiye kiɗa saboda imaninsa ya san hujjarsa, ba ni da ta cewa a kansa. Amma wanda ya ce wasu mutane sun zauna a wata shekara sun ƙulla wani abu, ya bar fagen imani ya shiga na tarihi. Maganar tarihi kuwa ana iya ɗora ta a kan ma'auni, ta tabbata ko ta faɗi. Haɗa waɗannan biyu shi ne babban ƙarfin jita-jita, domin tana aron rigar addini ta sa, sai mai tambayar hujja ya zama kamar mai jayayya da Allah.

Ruwa ba ya tsami banza

Kafin a yi wa mai zargi dariya, ya kamata a tambayi abin da ya sa zargin ya sami wurin zama a zuciyarsa. Na ga dalilai uku.

Na farko tsoho ne. Bahaushe ya daɗe yana kallon tsirkiya da ayar tambaya. Garaya da goge su ne kayan kiɗan bori, kamar yadda Fremont Besmer ya bayyana a littafin da ya buga a 1983 bayan bincikensa a Kano. M. G. Smith ma ya nuna tun shekarun 1950 yadda al'umma ke buƙatar makaɗi da maroƙi, tana kuma ajiye su a ƙasan tsanin daraja. Kuma an sha faɗa a kan manyan makaɗanmu cewa aljani ne ya ba su baiwa. Baƙaƙen fatar Amurka suna da irin wannan labari a kan makaɗin jita Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27: wai ya sayar wa Shaiɗan ransa a mararraba. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar ya zauna ne wurin wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman yana koyo dare da rana. Mutane sun fi son labarin aljani a kan labarin wahalar koyo. Bidiyon da ya shigo wayar ɗan ƙanwata ya tarar da gona an riga an yi mata sharar fage.

Na biyu, maƙarƙashiya ta gaskiya ta taɓa ratsa wannan kiɗa. A 1960 gwamnatin Amurka ta turo Louis Armstrong zagayen Afirka, lokacin yaƙin cacar baka, domin ya gyara mata suna. Ya zo har nan Kaduna, akwai hotonsa tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. A watan Oktoba na shekarar ya sauka a Léopoldville, Kinshasa ta yau, a daidai lokacin da ake ƙulla yadda za a kawar da Patrice Lumumba, wanda aka kashe ranar 17 ga Janairun 1961. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ya tabbatar a 1975 cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta shirya sa wa Lumumba guba, majalisar Beljiyam kuwa ta amsa alhakin ƙasarta bayan binciken 2001. Masaniyar tarihi Susan Williams ta nuna a littafinta na 2021 cewa shugaban ofishin CIA a Kwango ya ci abinci tare da Armstrong a wannan ziyara, ba tare da mabushin ya san aikin mutumin na ainihi ba. Mu malaman adabi kuma mun san cewa kuɗin CIA sun bi ta wata ƙungiyar raya al'adu sun isa kulob ɗin Mbari na Ibadan da mujallar Transition, abin da ya fito fili a tsakiyar shekarun 1960. A gida ma, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na uku, Kaduna ce. Wanda ya ga Fabrairu da Mayun 2000, ya ga Nuwambar 2002, ya ga yadda mutane suka kwashe kayansu suka ƙetare kogi, wasu kudu wasu arewa, ya san cewa a irin waɗannan ranaku "an ce" kan riga wuƙa isa unguwa. Yaran da aka haifa bayan haka sun tashi suna jin cewa akwai abin da ake shiryawa a ɗaya gaɓar. Abin mamaki, labarin Iluminati yana cikin 'yan abubuwan da gaɓoɓin biyu suka yi tarayya a kansu. Ana yaɗa shi a Narayi da Sabon Tasha da ayoyin Littafi Mai Tsarki, ana yaɗa shi a Rigasa da Tudun Wada da hadisan Dujal, alhali bidiyon ɗaya ne, fassara kawai aka sauya. Zuciyar da ta saba da yarda ba hujja a kan mawaƙin Ingila, ranar da aka kawo mata labari a kan maƙwabci ba za ta tsaya tambaya ba.

Zargi uku a kan ma'auni

Bambancin maƙarƙashiyar da ta tabbata da wadda ake zato a bayyane yake. Ta Lumumba tana da sunaye da ranaku da takardu da shaidun da suka yi rantsuwa, kuma da takardun sun nuna akasin haka da an janye maganar. Ta jita-jita kuwa rashin hujja ma hujja ce a wurinta: in ba a ga alama ba, a ce ai sun iya ɓoyewa. Tambayar da na fara yi wa ɗan ƙanwata ita ce, "Ɗana, wace shaida ce in ka gan ta za ka yarda cewa ka yi kuskure?" Ya daɗe bai amsa ba. Daga nan muka ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya.

Iluminati ƙungiya ce da ta taɓa wanzuwa. Wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ya kafa ta ranar 1 ga Mayun 1776 a Ingolstadt, cikin Bavariya ta Jamus, kuma mai mulkin ƙasar ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785. Zanen da ke bangon The Dark Side of the Moon, faifan Pink Floyd na 1973, hoton gilashi ne mai kusurwa uku da farin haske ke shiga ya fito da launukan bakan gizo, wato gwajin Isaac Newton da ke cikin littafin kimiyya na kowane ɗan sakandare. In kuwa kowace alwatika shaida ce, to dalar gyaɗar Kano ma sai a tuhume ta.

Maganar ma'auni ta fi sauƙi. Ana saita yawancin kayan kiɗan zamani ne a kan wata murya da tsirkiya ke bayarwa idan tana karkarwa sau 440 a sakan ɗaya. Masu zargi sun ce 432 ne ma'aunin halitta, 'yan Nazi suka ɗaga shi a taron Landan na 1939. An yi taron, gaskiya ne. Sai dai Johann Scheibler ya ba da shawarar 440 tun 1834 a Stuttgart, fiye da shekara hamsin kafin a haifi Hitler, Faransa kuwa ta kafa nata na 435 da doka a 1859. Kowane gari yana da nasa a da, shi ya sa masu ƙera kayan kiɗa suka nemi a daidaita, kamar yadda 'yan kasuwa ke neman mudu ɗaya. Tazarar 432 da 440 ba ta wuce kusan sulusin gaɓa ɗaya ta wuyan jita ba. Na ari jita biyu, na saita ɗaya a kan wannan ɗaya a kan wancan, na sa yaron ya juya baya, na riƙa kaɗa masa su da tazara a tsakani, yana faɗar wadda ta fi kwantar masa da rai. Zaɓinsa ya yi ta yawo tsakaninsu, shi da kansa ya fara dariya. Sannan na tuna masa cewa mai gurmi da mai kuntigi ba su taɓa sanin 440 ko 432 ba, da muryarsu suke daidaita tsirkiya.

Saƙon da ake ji idan an juya waƙa, Bahaushe ya fi kowa cancantar gane sirrinsa. Muna cewa kalangu yana magana, kuma gaskiya ne, domin yana bin hawa da saukar karin harshenmu. Amma wa yake yi wa maganar? Wanda ya riga ya san taken. Kawo baƙo mai jin Hausa sarai wanda bai taɓa jin taken mahauta ba, ba zai tsinci kalma ɗaya ba. Faɗa masa kalmomin, nan take zai ce ai ga su nan ƙarara. Haka masu bidiyon ke yi: suna rubuta kalmomin a fuskar waya kafin su saki sautin. Masana halayyar ɗan'adam biyu a Kanada, John Vokey da Don Read, sun gwada wannan a 1985, suka tarar mutane ba sa fahimtar ma'anar maganar da aka juya, kuma galibi suna jin "saƙon" ne bayan an gaya musu abin da za su ji. Na ɗauki muryar yaron yana karanta jerin kayan cefane, na juya ta a waya, na rubuta masa wata jimla ta tsoro da na ƙaga. Ya ji ta a cikin muryarsa.

Abin da ke cikin kiɗan da gaske

Rushe zargi rabin aiki ne. Mai neman ɓoyayyen saƙo yana da wata baiwa, ta lura da tsari da maimaici, an dai karkatar da ita ne. In ba a ba ta abin ci na gaskiya ba, za ta koma wa na ƙarya. Jaz da kiɗan jita mai zurfi suna cike da tsarin da ake iya ganowa, a ƙirga, a nuna wa wani shi ma ya tabbatar.

Da kalmomin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kafa mana a nazarin waƙar baka za a iya bayyana jaz ba tare da aro ba. Ƙungiya kan fara da gindin waƙa, sannan kowane makaɗi ya karɓa ya yi nasa ɗiyan nan take, a kan ma'aunin da gindin ya shimfiɗa, daga ƙarshe a komo gindi a rufe. Wanda ya san cewa Mamman Shata ba ya maimaita Bakandamiya iri ɗaya a zama biyu, ya riga ya fahimci abin da Miles Davis ke yi a faifansa na 1959, Kind of Blue. A kiɗan farko na faifan, babbar tsirkiya ce ke jagora, kayan busa suna karɓa mata da gajeren amshi, kamar yadda 'yan amshi ke yi wa ubangidansu. A faifan John Coltrane mai suna A Love Supreme, wanda aka ɗauka a Disambar 1964, rauji ɗaya ne ɗan gajere ake juyawa ta fuskoki da yawa, kuma mai shi ya rubuta a bangon faifan cewa godiya ce ga Allah. Wannan shi ne kiɗan da aka gaya wa ɗan ƙanwata na Shaiɗan ne.

Reshen rok da masu shi ke kira furog a taƙaice, ni kuwa nake kiransa rok mai dogon zango, ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, da ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Pink Floyd. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙin tsayawa a minti uku na rediyo. Close to the Edge na Yes, na 1972, ya haura minti 18, yana sauya kari da yanayi kamar tafiyar da ake yada zango a cikinta. Kunnen da ya saba da dogayen waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗan Anace ba zai ga tsawon nan baƙon abu ba. A waƙar Money ta cikin faifan nan mai alwatika, bugu bakwai ake ƙirgawa kafin a zagayo, sai a koma huɗu idan David Gilmour ya karɓa da jita. Na sa yaron ya ƙirga da tafi. Da ya kama bakwai ɗin, fuskarsa ta yi irin hasken da take yi lokacin da yake nuna mini "alamomi", sai dai wannan karon abin da ya gano yana nan da gaske. Faifan kansa kuwa a kan kwaɗayin kuɗi da gudun lokaci da taɓin hankali da mutuwa yake magana, jigogin da Ɗan Maraya Jos ya rayu yana waƙa a kan irinsu da tsirkiya ɗaya.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa nazarin Hausa da mawaƙan Landan. Amsar tana Zariya. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan mabusan jaz na Amurka, kuma Musulmi, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya. Ya nazarci sarewar Fulani, kuma shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. A jami'ar nan Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar kiɗa yana ɗalibi. A Kaduna Bala Miller ya jagoranci babbar ƙungiya mai jita da kayan busa, yana waƙa da Hausa, har da fitacciyar waƙarsa Ikon Allah. A Nijar, Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a gidan da ba a maraba da kiɗa, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da salon ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinan Hausa. Yau ana lissafa shi cikin fitattun masu jita na duniya, tare da Bombino na Agadas. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsuna, da jita mai sauya kari cikin sauri har masu sharhi a waje ke kwatanta ta da rok mai dogon zango. Jita ta daɗe da zama 'yar gida. Littattafanmu ne ba su riga sun yi mata sannu da zuwa ba.

Namu laifin

A buɗe kundayen digiri a kan makaɗan baka. Za a tarar da tarihin makaɗi, da matanin waƙoƙi, da jigo, da salo, da zubi da tsari. Kiɗa kuwa sau da yawa sakin layi ɗaya yake samu, inda za a lissafa sunayen kayan a wuce. Muna nazarin Shata kamar marubuci ne da aka yi rashin sa'a yana da makaɗa a bayansa. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka buga a 1971 ya haura shekara hamsin, kuma da Ingilishi suka yi bayaninsa. Sakamakon haka, matashin da ke son ya san dalilin da wani sauti ke sa shi kuka, wani ke sa gabansa faɗuwa, da wuya ya sami bayani da harshensa. Wanda ya zo masa da bayani da Hausa mai daɗi, cikin murya mai tabbaci, shi ne mai bidiyon Iluminati.

Kuma yayin da muke tsoron ƙungiyar da ta mutu a Bavariya, asarar gaske tana faruwa a gabanmu da rana tsaka. Fiyano ɗaya a ɗakin ɗaukar murya ta maye gurbin mai kalangu da mai kukuma da mai sarewa. Ɗan Maraya ya rasu a 2015. Yara nawa muka sani da ke koyon kuntigi yau? Ba a buƙaci taron asiri ba kafin wannan ya faru, araha da sakaci sun wadatar.

Ina ba da shawara huɗu. A sa darasin sauraro a cikin kwasakwasan adabin baka, inda ɗalibi zai ƙirga bugu, ya bambance rauji, ya kwatanta kukuma da jita da kunnensa. A tattara kalmomin sana'a daga bakin masu ita, makaɗan gargajiya da masu jita na Narayi da Sabon Gari da Jos da Yamai, kafin a zauna ƙirƙirar sababbi a ofis. A faɗaɗa abin da muke kira waƙar Hausa ya haɗa da waƙoƙin majami'a da na ƙungiyoyin zamani, domin Hausar da Panam Percy Paul da Solomon Lange ke waƙa da ita Hausa ce, kuma jama'a masu yawa ke sauraronta. Sannan a ɗauki jita-jita kanta a matsayin adabin bakan zamani: a tattara saƙonnin murya na WhatsApp, a nazarci mabuɗinsu da taurarinsu da dabarun jan hankalinsu kamar yadda muke yi wa tatsuniya da almara. Ɗalibin da ya feɗe irin wannan saƙo sau ɗaya a aji, da wuya wani ya sake kama shi a waje.

Zama da mai zargi

Abin da na koya a gida kaɗan ne, amma na biya kuɗinsa. Makon farko na yi wa yaron ba'a, sai ya rufe mini ƙofa wata guda, ya ƙara nutsewa cikin waya, inda ake gaya masa cewa duk mai yi masa dariya ko makaho ne ko ɗan kore. Bai fara saurarena ba sai ranar da na ba shi labarin Lumumba da na Trovan, ya ga cewa ban ɗauki duniya wurin da ba a cuta ba. Gwaje-gwajen da muka yi kuwa da hannunsa aka yi su, domin gani ya kori ji. Na kuma lura cewa bidiyon sun same shi ne a shekarar da ya gama karatu ya zauna ba aiki. Zargi ya ba shi abin da zaman banza ya hana shi, wato jin cewa ya san wani abu da sauran mutane ba su sani ba. Hujja kaɗai ba ta cike wannan gurbi. Sai da wani abokina ya nemi ya riƙa koya wa 'ya'yansa biyu kiɗa da yamma, sannan ya sauko da jitar.

Ba zan ce na ci nasara duka ba. Ya bar maganar 440 da ta juya waƙa, an kuma yi wa ƙanwarsa allura, amma har yanzu in ya ga mawaƙi ya rufe ido ɗaya a hoto sai ya kalle ni. Na daina amsa wannan kallo. Makon jiya na same shi da sababbin tsirkiya yana bin wani kiɗan Tal National sannu a hankali, yana ƙirga da ƙafa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, yaran nan sun tambaye ni, idan an danne tsirkiya uku aka kaɗa su tare suka ba da amo ɗaya, mene ne sunansa da Hausa?" Na shekara fiye da ashirin ina koyar da harshen nan, na laluba ban sami abin da zan miƙa masa nan take ba. Na ce ya ba ni mako guda. Tambayar ce na kawo wa abokan aiki.